Ingilar da Torvald Ya Kafa a Kusurwar Aji

Duk wanda ya taɓa shan kofi a ƙauyenmu na Lillmyra ya san Torvald ya yi zaman Ingila, domin kafin kofin ya huce Torvald ya gaya masa. Ba ya fita sai da baƙar lema a rataye a hannu, ko da rana ta take. In ka ce masa ina kwana, sai ya ɗaga lemar ya ce, "Mu a Ingila ba haka ake gaisuwa ba," amma bai taɓa nuna mana yadda ake yi ba.

Ni Gunnel, shinge ɗaya ya raba gidana da nasa yau shekara talatin da ɗaya, kuma marigayi mijina a jirgin ruwa ɗaya suka yi aiki suna samari, jirgin da ke jigila tsakanin birnin Göteborg na ƙasarmu da Ingila. Don haka na san iyakar zaman Ingilar nan. Bazara biyu ya yi yana wanke kwanuka a ƙasan jirgi, a gindin lasifikar sanarwa. Sau ɗaya ya taka ƙasar, ya yi minti arba'in a tasha, ya sayi lema da ƙullin alewa, ya dawo a guje don kada jirgi ya tashi ya bar shi. Na sani, rabin gari ma sun sani, amma ba wanda ya taɓa faɗa masa. Mu mutanen nan gara mu haɗiye cokali da mu dubi idon mutum mu ce masa ƙarya yake yi.

'Yarsa tilo, Ylva, ita ce ta yi zaman Ingila na gaske, don can ta yi aure. Sau biyu mijinta Colin yana zuwa Lillmyra, kuma sau biyun Torvald yana fama da ciwon maƙogwaron da ya hana shi magana, sai murmushi da gyaɗa kai. Suna da 'ya mai shekara biyar, Maisie, wadda rabon Torvald da ya ɗauke ta tun tana cikin zanen goyo. Tun rasuwar matarsa gidan ya yi masa girma. Ina ganinsa ta taga yana goge lilon da ya ɗaura wa yarinyar a bishiyar tuffa, lilon da ba a taɓa hawa ba. Duk cika-bakinsa, wannan kam yana ba ni tausayi.

Wata safiya a watan Afrilu ya leƙo ta kan shinge, fuska kamar an ba shi sarauta.

"Gunnel, Maisie za ta yi bazara a nan. Wata biyu cur, a gidana."

"Ylva ta yarda?"

"Saura ƙiris. Wai yarinyar ba ta jin yarenmu, kuma ba za ta bar ta inda ba ta da yaran da za ta yi magana da su ba. Za su zo ranar rufe makaranta su gani da idonsu. In bai yi mata ba, su koma tare ranar Lahadi."

"To, ya za ka yi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Yara goma sha ɗaya ne a makarantar renon nan taku. Mako shida ya ishe ni. Da wasa ake koya wa yara Turanci, haka muke yi a Ingila."

Ni ce mai dafa abinci a makarantar, ni ce kuma mai goge daɓenta, saboda haka ina wurin da aka yi taron iyaye. Torvald ya yi minti ashirin yana bayani yana buga lema a ƙasa. Malama Majken, wadda ta yi karatun shekara huɗu a Ingila, ta ƙura wa kofinta ido. Iyayen nan kaf ba wanda bai fi shi jin Turanci ba, ko don talabijin. Da ya gama, kowa ya duƙufa yana tsinke burodin kirfa. Can Solveig, uwar Ebbe, wadda ke aiki a asibitin haƙori, ta ce, "To... abin a duba ne." Kowa ya gyaɗa kai. Ko jariri a garin nan ya san wannan maganar a'a ce. Torvald ya miƙe ya ce ya gode da amincewa, zai fara ranar Laraba.

Larabar farko ya zo da katunan da ya zana dabbobi a kai. Ya ɗaga na farko ya faɗi sunan dabbar da Turanci, yara suka yi tsuru-tsuru.

Ebbe, wanda shekararsa biyar amma bakinsa ya kai hamsin, ya ce, "Torvald, wannan kare ne ko tebur?"

"Doki ne."

"To ba haka ake faɗa ba. A kwamfutar mamana ba haka suke faɗa ba."

"Na kwamfuta Turancin Amurka ne, yaro. Ni na asali nake koya muku."

Kafin ya kai kati na huɗu, uku sun shige ƙarƙashin tebur, Tuva tana yi wa lemarsa kwalliya da alli, sauran sun tafi taga kallon motar kwasar shara. Ya shigo kicin yana share gumi.

Na ce, "Ya karatu, malam?"

"Lafiya lau. Yau gwajin ƙwaƙwalwa na yi musu. Mako mai zuwa za mu tafi Ingila."

"Da wane jirgin?"

"Ke dai ki ji da dankalinki."

Laraba ta biyu ya jera kujeru biyu-biyu a tsakiyar aji ya ce jirgi ne. Shuɗiyar dardumarmu ta zama teku. Kusurwar da muke ajiye littattafai ya zagaye ta da igiya ya ce nan ce Ingila. Shi ne kyaftin, ya hau kan benci da lema. Duk wanda ya maimaita abin da kyaftin ya faɗa zai ƙetare teku. Yara suka ce to in sun ƙetare me ke can? Nan ne Torvald ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin alewa.

 Tuva ta dubi alewar, ta dubi Malama, ta ce cikin raɗa, "Yau Laraba fa."

Torvald ya ce, "A nan Laraba ce. A Ingila babu ruwansu da jiran Asabar. Kullum ake shan alewa, safe da yamma."

Ebbe ya ce, "Haƙoransu fa?"

"Garau. Ka taɓa ganin sarki da giɓi?"

Ni tun kakata ba na jin an taɓa ba yaro alewa a garin nan in ba Asabar ba. Cokali ya faɗi daga hannuna. Na leƙa ta tagar miƙa abinci na harari Majken, ita kuma ta buɗe baki, ta rufe, ta ce a hankali, "Torvald, anya ba za mu ɗan tattauna wannan ba?" Ya ce ƙwarai kuwa, bayan darasi. Bayan darasi ta ce masa ta ga yaran sun nuna sha'awa sosai.

Sha'awa kam sun nuna. Cikin rabin sa'a yara goma sha ɗaya suna rera Turanci da ƙarfi, har Vide ɗan shekara uku da ko yarenmu bai gama kama shi ba. Sai dai Turancin Torvald kaf abin da ya ji daga lasifikar jirgi ne, kuma jimla uku ne. Ta farko, fasinjoji masu mota su sauka bene na ƙasa. Ta biyu, a sa rigar ceto, kada a firgita. Ta uku, shayi ya ƙare, a dawo ƙarfe huɗu. Ya ce musu ta farko gaisuwar safe ce, ta biyu ta rana, ta uku ban kwana.

Laraba ta uku an kwana ana ruwa. Yara suka dawo daga wasan waje, suka zauna a bakin ƙofa za su cire takalman robarsu kamar kullum. Torvald, wanda bayansa ba ya barinsa sunkuyawa kuma ba zai taɓa yarda da hakan ba, ya wuce ciki da nasa.

Tuva ta ce, "Torvald, takalminka!"

"A Ingila ba a cire takalmi a ɗaki. Da shi ake hawa gado ma."

Abin da suke jira ke nan. Takalma ashirin da biyu cike da taɓo suka bi ta kan daɓen da na gama gogewa da safe. Na fito da tsumma a hannu.

"Kai Torvald, uban wa zai goge wannan?"

"Gunnel, harshe da al'ada tare suke tafiya. Ba ki yi zaman waje ba, ba za ki gane ba."

"Minti arba'in ɗin?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya juya ya ce wa fasinjoji su sa rigar ceto.

Daga nan Ingila ta fita daga aji ta shiga gari. Ebbe ya zana ta da alli a tsakiyar falon uwarsa, ya zauna a ciki da takalmi ya ce shi a nan dokar gida ba ta hau kansa ba. Tuva ta ƙi cin kifi ranar Litinin, wai ita 'yar Ingila ce, a kawo alewa. Ranar Talata yara biyar suka tsaya a gaban kantar alewa a shagon gari suka sanar wa mai shago cewa masu mota su sauka bene na ƙasa, suka miƙa hannu. Matar ba ta san lokacin da ta leƙa waje ta duba motarta ba.

Iyaye suka fusata matuƙa, don haka suka yi abin da ake yi in an fusata matuƙa. Takardu suka fara bayyana a allon sanarwa na bakin shago, ba sa hannu. "Zai yi kyau wasu su tuna cewa mako yana da ranaku bakwai, kuma ɗaya ce kawai Asabar." Washegari wata: "Gaisuwa ga mai lema. Haƙoran yara ba na aro ba ne." Wannan kowa ya gane rubutun Solveig ne, don har ta zana ɗan haƙori yana kuka a ƙasa. Ni ma na rubuta tawa a kan daɓe da taɓo, na ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar taɓo.

Torvald ya tsaya a gaban allon ya karanta su duka, ya same ni ina shanya.

"Kin ga gari ya ɗauka? Ba a taɓa rubutu a kan darasin Majken ba."

"Zaginka suke yi, Torvald."

"Da zagi ne ai da sun sa suna."

Da na ga ba mai yi, na ɗauki aikin da kaina. Laraba ta huɗu na tare shi a ƙofa na lalube aljihunsa, na fitar da ƙulli biyu. Ta biyar na samu a cikin hularsa. Ta shida na lalube shi tun daga wuya har safa ban sami komai ba, amma yara suka fito daga Ingila baki na motsi. Abin ya tsaya mini a rai har kwana biyu.

Ranar rufe makaranta Alhamis ce, kuma tun asuba ake sheƙa ruwa. Na goge daɓe sau biyu. Iyaye suka cika aji, kowa da safa, takalma a jere a ƙofa. Sai ga Ylva da Colin, dogo mai tabarau, da 'yar ƙaramar yarinya mai jar riga tana riƙe da jakarta ƙam. Maisie ta tsaya a bakin ƙofa, ta cire takalmanta, ta jera su daidai kusa da na mutane, ba wanda ya ce mata ta yi. Na ga Tuva ta zunguri Ebbe.

Torvald ya so ya rungume ta, yarinyar ta ɓuya a bayan uwarta. Ya haɗiye abin, ya gyara murya, ya hau benci da takalmansa. Yau maƙogwaro ba zai cece shi ba. Ya buga lema, fasinjoji suka shigo daga waje a guje da taɓonsu, suka zauna a jirgi, suka dubi baƙi suka rera gaisuwar safe da ta rana a jere.

Colin ya miƙe zumbur. Ya dubi silin, ya dubi ƙofar fita, ya tambayi Ylva ko gobara ce. Ylva ta rufe fuska da hannu biyu.

Torvald ya ce wa iyaye, "Kun gani? Ya gane sarai."

Yara ba su jira kyaftin ba. Suka watse daga jirgi suka yi wa Maisie zobe, kowa ya miƙa hannu. Ga mutuniyar ƙasar alewa da kanta, ga jaka a hannunta. Yarinyar ta tsorata, ta buɗe jakar a hankali, ta fito da 'yar roba. Karas ne a ciki, an yanka siri-siri.

Ebbe ya leƙa robar, ya leƙa jakar, ya juya ya nufi Colin. Da Turancin nan nasa na kwamfuta, tiryan-tiryan, ya tambaye shi ko gaskiya ne a ƙasarsu kullum ake shan alewa kuma da takalmi ake hawa gado. Kowa a ajin ya ji tambayar, ban da mutum ɗaya.

Colin ya yi dariya ya ce a wasu gidajen ana sha, amma a nasu gidan Ylva ta kafa doka, sai Asabar. Takalmi kuwa, wanda ya hau gado da shi a gidan uwarsa sai ya kwana a waje. Sannan, don kirki irin nasa, ya juya ga surukinsa ya ce ya ji daɗi maƙogwaro ya warke, ya daɗe yana son ya tambaye shi a wane gari ya zauna a Ingila.

 Torvald ya dubi Colin, ya dubi Ylva, ya dube ni. Ni kuwa na dubi daɓena. Jimla biyu sun riga sun tafi, saura ɗaya. Ya miƙe ƙirji ya shaida wa mijin 'yarsa cewa shayi ya ƙare, ya dawo ƙarfe huɗu.

Wani uba a baya ya yi tari mai kama da dariya. Ebbe ya ce da yarenmu, da ƙarfi, "Torvald, ashe ba ka ji abin da ya ce ba?"

"Na ji mana! Turancinsa ne na arewa. A koma jirgi! Kowa ya koma jirgi!"

Ya ɗaga lema zai nuna musu hanya, yatsansa ya danne maɓalli. Lemar ta buɗe fau, alewa ta zubo daga cikinta, ja da kore da baƙa, a kansa, a kan benci, a cinyar Solveig. Ashe nan ce ma'ajiyar. Yara suka yi kururuwa suka afka. Solveig ta miƙe, a karon farko a tarihin Lillmyra wani ya faɗi magana baki da baki: "Torvald, yau ALHAMIS ce!" Ya ja da baya don tsoro, takalminsa mai taɓo ya taka alewa, ya zame daga benci ya zauna daɓas a tsakiyar teku, lema a kife a kansa. Vide ya tako ya dafa kafaɗarsa ya ce masa da Turanci kada a firgita.

An yi dariyar da ba a yi ba tun shekara talatin, ni ma na yi har da hawaye. Majken ta kwashe alewar a kwano ta kora yara waje. Da hayaniya ta lafa, Ylva ta durƙusa kusa da ubanta. Ina goge taɓo a kusa, na ji komai.

"Baba, ai na sani tun ina 'yar shekara tara. Ba sai ka yi duk wannan ba."

"Na so ta sami abokan magana ne."

"Na sani. Amma ka ga yadda ta tsorata. Za mu koma da ita ranar Lahadi."

 Ya naɗe lemar a hankali, ya ɗaure ta. Ban taɓa ganin Torvald ya rasa abin faɗa ba, kuma na ɗauka ranar da na gani zan ji daɗi. Ban ji ba ko kaɗan.

Colin ne ya ce ina Maisie. Takalmanta ba sa ƙofa. Muka yi taga gaba ɗaya. Tana can a filin wasa cikin ruwan sama, an ara mata rigar roba da ta fi ƙarfinta. Tuva tana riƙe da hannunta suna ƙirga ɗaya, biyu, uku da yarenmu, su yi tsalle su dira a kududdufi. A karo na uku Maisie ce ta ƙirga. Ebbe yana cin karas ɗinta yana nuna mata tsutsa yana gaya mata sunanta, tana maimaitawa tana ƙyalƙyala dariya. Ba malami, ba jirgi, ba alewa.

Ylva ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Shekara biyar ina fama da ita a gida ta ƙi furta ko kalma ɗaya ta yarenmu." Ta yi shawara da mijinta ƙasa-ƙasa, sannan ta juyo. "Baba, za ta zauna. Sharaɗi ɗaya: kada ka yi mata Turanci. Ko jimla ɗaya."

Torvald ya share hanci ya ce zai yi masa wuya, don ya saba, amma saboda yarinya zai daure.

Can yara suka shigo a jiƙe sharkaf. Maisie ta cire takalmanta ta jera, ta tako har gaban kakanta, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta faɗi wata magana da Turanci tana nuna ƙafarsa. Ya waiwayo ya dube ni. Wannan karon bai ce Turancin arewa ba ne.

"Gunnel, me ta ce?"

"Ta ce kaka, ba a shiga ɗaki da takalmi."

Ya yunƙura zai sunkuya, bayan ya ƙi. Yarinyar ta zauna a daɓe, ta kama takalmin da hannu biyu ta ja har ya fita, ta ja ɗayan. Babban yatsansa ya leƙo ta hudar safa a gaban iyaye goma sha ɗaya, bai ko ɓoye shi ba. Ta kai takalman ƙofa ta jera su kusa da nata, ta dawo ta kama hannunsa.

Ni kuwa na miƙa masa tsumma a ɗaya hannun.